Tsibirin Lete: Yadda Ake Auna Ƙarfin Gida Inda Kuɗi Ba Su Kwana a Hannu

 A wannan fitowa za mu kai ku can ƙarshen ƙasa, jihar Doso, inda kogin Isa ya raba mu da Benin. A tsakiyar ruwan akwai wani tsibiri da ake kira Lete. Matan wurin sun ji labarin asusu a bakin ƴan'uwansu masu cin kasuwa a gefen Gaya, suka aiko cewa su ma suna so. Shugabannin ƙungiyoyin Gaya suka nemi wasu daga cikinmu da suka daɗe a harkar su raka su, sai muka shirya mu huɗu.

Tambayar da ta kai mu guda ɗaya ce: zubi nawa matan nan za su iya kowane mako ba tare da an shiga haƙƙin tukunyarsu ba? Duk wadda ta taɓa riƙe ƙungiya ta san nauyin wagga tambaya. In aka sa zubi ya yi sama, wata biyu ba ya cika sai mace ta fara cin bashi don ta biya zubi, ko kunya ta sa ta daina zuwa taro. In aka sa shi ya yi ƙasa ƙwarai, akwati ba ya tara abin da za a ba kowa rance, a shekara ana zama a banza. Kuma ƙungiyar da ta mutu a karon farko, sai an yi shekaru kafin matan garin su sake yarda da maganar asusu.

Hanyar zuwa

Daga Maraɗi mun bi babbar hanya ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi har Doso, daga nan muka karkata kudu, kilomita kusan 150 zuwa Gaya. Mai tahowa daga ƙasar rairayi irin tamu, idonta zai sha kallo. Itatuwa na ƙara tsawo, giginya ta cika kwari, ana tallar muruci da rake a bakin hanya, ga gishirin Foga a kasuwa. Wannan yanki ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar. Gaya kanta gari ne na iyaka biyu: tsallaken gada Malanbil ce ta Benin, ta gabas kuma Kamba ta Najeriya ba nisa. Ana jin Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fillanci a layi ɗaya na kasuwa. Tun da aka rufe gadar a shekarar 2023 ƴan kasuwar garin suka ga canji a jikinsu, kaya suka koma bin jirgin ruwa, tsada ta biyo baya.

Lete yana sama da Gaya, wajen kilomita 40 in aka bi kogi. Mun yi wani yanki a mota, sauran a kwalekwale. Watan Janairu ne, sanyi na kaɗawa, ruwa ya cika har bakin itatuwa. Mu da muka saba da rijiya da tabki, kowace ta kama gefen jirgi tana salati, mai tuƙi yana ta dariya yana cewa, "Hajiya, ku saki jiki, ai yau ruwan kwance yake."

A bakin mutanen kogi tsibiri sunansa gungu, shi ya sa za ku ji ana cewa Lete Gungu. Ba ƙaramin wuri ba ne, tsawonsa ya haura kilomita 10. Nijar da Benin sun yi shekaru masu yawa suna jayayya a kansa tun lokacin samun ƴancin kai, har suka kai magana Kotun Duniya da ke ƙasar Holan. Ranar 12 ga Yuli 2005 kotun ta raba tsibirai 25 na wannan yanki: 16 ga Nijar, 9 ga Benin, Lete ya faɗo cikin rabonmu. Abin da ya sa ake sonsa shi ne ƙasarsa mai albarka da ciyawar ruwa da ake kira burgu, ba ɓeran nan ba, wadda shanu ke ƙoshi da ita lokacin da tudu ya bushe. Fulani makiyaya su ne suka fi yawa, ga manoma, ga masunta a bakin gaɓa.

Tambayar da ba a yi

Tun a Gaya muka yi shawara cewa ba za mu tambayi kowa "nawa kike samu a wata" ba. Wannan tambaya ta ma'aikacin gwamnati ce mai albashi. Macen da ke sai da nono yau, gobe ta sai da kaza, jibi babu komai, ba ta da amsarta, in kuma aka matsa mata za ta faɗi abin da take jin baƙo yana son ji. Haka nan ba za mu tambayi yawan shanu ba. Bafulatani ba ya ƙidaya dabbobinsa a gaban baƙo, kuma ko a garinmu wa ke buɗe rumbunsa ga wanda ya zo jiya?

Akwai kuma tarko biyu da ke kama mai ƙidaya a wuri irin wannan. Wanda ya duba aljihu kaɗai zai ce mutanen nan ba su da komai, domin za a iya zagaya gida goma ba a haɗa jika biyar tsaba ba. Wanda ya duba garke kaɗai zai ce ai masu arziki ne, a sa masu zubi mai nauyi. Garken da ake gani kuwa ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai na maigida, akwai na matar da ta zo da su daga gidansu, akwai na ɗiya, akwai na kiwo da mutanen tudu suka ba da amana, akwai na habbanaye, wato saniyar da ake ba ɗan'uwa aro ya riƙe har ta haihu, ya ɗauki ƴaƴan ya maida uwar. Ko wadda take mallakin mace, ba a sai da saniya don zubin mako. Abin da ke hannunta kullum shi ne nono da man shanu, sai kaji da zabi da ƴan awaki.

Tsakuwa ta yi magana

Aka shimfiɗa mana tabarmi ƙarƙashin wata bishiya, mata suka taru, wata ƴar Gaya mai jin Fillanci da Dandanci tana fassara. Muka gaida dattijuwar da ke gaba da su, muka ce, "Inna, ba mu zo ƙidayar dukiyar kowa ba, mun zo ku koya mana yadda shekararku take tafiya." Ta ce to, in haka ne a zauna.

Muka sa yara suka tsinto tsakuwa. A ƙasa muka ajiye alamu: zangarniyar hatsi, ƙwarya, busasshen kifi, gashin kaza, kashin akuya. Muka ba su tsakuwa 20, muka ce su raba bisa ga abin da ya fi kawo kuɗi a hannun mace cikin shekara. Ba mu sa baki ba. Wannan ta ɗora, waccan ta kwashe ta maida wani wuri, gardama ta kaure, har sai da suka daidaita. Amfanin wannan hanya shi ne babu wadda ta tona asirin gidanta, amma kowa ta gyara ƙaryar da za a iya yi, domin maƙwabciya ta san gaskiya. Ƙwarya ce ta kwashi tuli mafi girma a wajen matan makiyaya, kifin banda kuma a wajen matan masunta.

Sannan muka juya wajen fita. Alamun su ne hatsi, gishiri da kayan miya, sabulu, zane, magani, biki da suna, sai ɗan guntun itace a matsayin jirgi. Hatsi ya zo na ɗaya, kamar ko'ina. Abin da ya bambanta da namu shi ne tulin da suka tara gaban jirgi. Wata matashiya mai goyo ta ce, "Yaya, mu nan ko allura za ki saya sai kin biya ruwa kuɗinsa." Zuwa kasuwa kuɗin jirgi, zuwa likita kuɗin jirgi, in naƙuda ta zo da gardama cikin dare sai an ɗauki shatar jirgi sukutum, kuma mai jirgi ba ya tashi da alkawari. Kayan da ɗan tireda ya ƙetaro da su ma, ya riga ya ɗora kuɗin dako a kai. Ga nono ba ya jira: in ba a samu ƙetarewa ba, sai a sai da shi yadda aka taya ko a sha.

Kenan dala ashirin a hannun matar Lete ba ta sayen abin da dala ashirin ke saye a kasuwar Maraɗi. Kuɗin iri ɗaya ne, sefa ce a nan, sefa ce a tsallaken Benin, amma ƙarfinsu ya ragu tun kafin a kai bakin rumfa. Duk mai son auna ƙarfin sayayyar gida a tsibiri, sai ya fara cire rabon ruwa.

Shekarar da kogi ke ja

Mu a tudu muna lissafin shekara da damina, kaka, sanyi, rani da bazara. Su suna ƙara kogi a kai, domin sau biyu yake cika. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda ruwan saman yankin ke kawowa da laka. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali a hankali, ya iso nan cikin sanyi, watanni bayan damina ta ɗauke. Shi ne muka tarar.

Muka ja layi a ƙasa, muka raba shi gida goma sha biyu, muka ce su sa tsakuwa a watannin da kuɗi ke shiga, su sa ƙaya a watannin da hannu ke bushewa. Hoton da ya fito ya nuna cewa gidajen tsibirin ba su shiga matsi lokaci ɗaya. Matan makiyaya suna jin daɗi lokacin da ciyawa ta wadata shanu suna kusa da gida, suna shan wuya in garke ya yi nisa ko nono ya janye. Matan masunta suna samu in ruwa ya ja baya kifi ya taru, suna zaman jira in kogi ya cika ya bazu. Manoma kuwa irin namu ne, kaka dariya, tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa. Ga wanda ya san asusu, wannan albishir ne. In aka haɗa su a ƙungiya ɗaya, lokacin da wasu ke neman rance wasu na da abin zubawa, akwati ba zai taɓa zama wayam ba, kuma ba zai kwanta da kuɗi babu mai ɗauka ba.

Ƙaya mafi tsini sun sa ta ne a kan shekarar ambaliya. Dukanmu mun tuna abin da ruwa ya yi a ƙasar nan a 2020 da 2024. A tudu in ruwa ya ci gida ana gudu makaranta ko gidan dangi. A tsibiri ruwa ta ko'ina yake zuwa, ya ci gona, ya jiƙa rumbu, ya tafi da kaji, sannan kuɗin jirgi ya tashi daidai lokacin da kowa ke son fita.

Ajiyar da ba ta cikin akwati

Da muka zaga gidaje gaisuwa, mun ga inda ajiyarsu take. Tana tafiya da ƙafa huɗu a bakin ɗaki. Tana rataye a kunne da wuya. Tana jere a kan gado, ƙorai masu zane da kwanonin da uwa ke tara wa ɗiyarta tun tana ƙarama. Tana cikin gudummawar da mace ta kai bikin wance, wadda ta san za ta dawo ranar nata. Muka roƙe su su jera waɗannan abubuwa bisa ga wanda ake fara sayarwa in matsala ta taso. Kaza ce farko, sai zabo, sai akuya, sai tunkiya, sai zane da ƴan kunne, saniya can ƙarshe in an rasa yadda za a yi.

Wannan jeri ma'auni ne mai kyau da kowace shugaba za ta iya amfani da shi. Maimakon ki ce "me kike da shi", ki ce "bara da yaro ya yi ciwo, me aka sayar?" Gidan da kaza ta ishe shi yana da sauran ƙarfi. Gidan da ya kai ga sai da kwanonin ɗiya ya kusa bango. Gidan da bai sai da komai ba, sai bashi ya ci wurin ɗan kasuwa a kan zai biya da hatsi in kaka ta yi, shi ne wanda ya kamata a fi sa wa ido, domin ya cinye amfanin gonarsa tun bai nuna ba.

Mu yi lissafi tare

Bari mu kawo misali mai sauƙi, ba na gidan kowa ba, don ku ga yadda ake haɗa shi. A ce gida mai mutum 8 yana cin tiya 2 ta hatsi a rana. A shekara tiya 730 ke nan, wajen buhu 18 in muka ɗauki tiya 40 a buhu. A ce tiya tana 600 F. Cin rana ɗaya 1.200 F, na wata 36.000 F. In rumbu ya kai su wata 7, sun ci abincin 252.000 F wanda bai taɓa bi ta hannun kowa a matsayin kuɗi ba. Mai duba aljihu ba zai gan shi ba, alhali shi ne ginshiƙin gidan. Sauran wata 5 kuma sai an nemo 180.000 F, daga dabba, daga kifi, ko daga ɗan da ya tafi ci-rani.

Yanzu mu dawo hannun uwargida. A ce ranar kasuwa ta sai da nono da mai na 1.500 F. Jirgi zuwa da dawowa ya ci 500 F, kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Gishiri, sabulu, mai da kayan miya sun ci 800 F. Saura 200 F. Macen nan in aka ce ta zuba 500 F kowane mako, daga ina za ta ciro? Daga kwanon yara, ko daga bashi. Amma 100 F, dala ashirin, za ta iya ko a mako maras kyau. Kada kuma a raina ta: mata 25 suna zuba 100 F har mako 40, jika ɗari ke nan, ban da ribar rance.

Ƙa'idar da muka bi ita ce a auna zubi da makon da ya fi kowane tsanani, a gidan da ya fi kowane rauni. Mai hali ba ta rasa hanyar ƙarawa.

Abin da suka yanke

Mu shawara muka bayar, su suka yanke. Sun tsaida hannu ɗaya a kan dala ashirin, mace na iya ɗaukar hannu ɗaya har zuwa biyar gwargwadon abin da makon ya kawo, ranar rabo kowa ta karɓa daidai hannuwanta. Sun ware ƙaramin asusun taimako daban, suka ce abu na farko da zai yi shi ne biyan jirgin mai naƙuda da maras lafiya, ba sai an tashi maƙwabta ana neman rance da tsakar dare ba. Sun amince ranar kasuwa mace biyu su ƙetara da saƙon mutum goma, a raba kuɗin jirgi, a sayo gishiri da sabulu da yawa a farashin sari. Akwati mai makulli uku, mabuɗai a hannun mata uku, shi kuma a gidan da ya fi tudu, a rataye sama. Ranar fasa asusu sun ɗora ta gab da lokacin da hatsi ke araha, don kuɗin su koma buhu kafin biki da kasuwa su lashe su. Da muka ba su labarin rumbun tsimi irin na ƙungiyoyinmu, Inna ta ce wannan sai shekara ta biyu, a fara ganin kamun ludayin juna tukuna. Magana ce ta manya, muka ce haka ne.

Sun kuma kawo wata matsala da mu ba mu da ita sosai: matan da ke bin garke in ya tashi. Suka daidaita cewa mai tafiya za ta iya barin zubinta wurin ƴar'uwa a gaban shaidu, ko ta biya gaba, amma ba a ba ta rance sai tana nan da kanta.

Abin da za mu ɗauka mu ma

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, tsarin ya bazu har ƙasashen da ba mu taɓa takawa ba, kuma abin da ya riƙe shi shi ne kuɗin na mata ne, dokar ma tasu ce. Ba sai ruwa ya kewaye gari yake zama tsibiri ba. Ƙauyukanmu nawa ne kwari ke yankewa da damina, ko rairayi ya hana mota shiga, sai amalanke ko kabu-kabu mai tsada? Matan can ma suna biyan rabon hanya kafin su sayi gishiri.

Saboda haka, ƴar'uwa shugaba, in za ki buɗe sabuwar ƙungiya ko za ku ƙara zubi a taku, ki zauna da mata da tsakuwa 20 kafin a faɗi adadi. Ki tambayi wata nawa rumbu ke kaiwa. Ki tambayi abin da hanya ke ci. Ki tambayi abin da aka sayar a ciwon bara. Ki duba ko duk membobinku lokaci ɗaya suke shiga matsi, in haka ne ki nemo masu wata sana'a ku gauraya. Kuma ki saurari wadda ba ta cika magana ba a taro, sau da yawa ita ce zubin ya fi yi wa nauyi.

Ƴan'uwanmu na Gaya sun ɗauki alkawarin leƙa su har su kai rabon farko, kuma in labari ya iso za mu sanar da ku a wannan shafi. Muna godiya ga matan Lete da suka tarbe mu da fura da nono mai sanyi, da masu jirgin da suka kai mu suka dawo da mu lafiya. Allah ya sa albarka a zubinsu da namu, ya kiyaye mu da ambaliya da bashin da ya fi ƙarfi. Sai fitowa ta gaba.